Tattaki da Hawan Keke a Gandun Daji: Inda Jabo da Kebbe Suka Tsaya

Wannan sharhi ya shafi wata al'ada da ta kafu a ƙasashe da dama amma har yanzu ba ta sami gindin zama a ƙasar Hausa ba, wato shiga gandun daji da ƙafa ko a kan keke, ba don farauta ko saran itace ko kiwo ba, sai don motsa jiki da samun natsuwa da sanin halittun da Allah Ya shimfiɗa a cikinsa. Gandun daji, a ma'anar da doka ta ba shi, yanki ne da hukuma ta shata wa iyaka, ta hana noma da gini a cikinsa, ta kuma ƙayyade abin da za a iya cira daga gare shi da wanda ke da izinin cirewa. Ga mutumin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, ko na Kebbe da Kuchi da Margai, wannan batu na iya zama kamar ya zo a lokacin da bai dace ba, tun da a shekarun nan daji ya zama wurin da manomi ke shakkar kusanta, kuma iyaye ke gargaɗin 'ya'yansu a kansa. Sai dai wannan tsoro shi ne ainihin dalilin da ya sa maganar ta cancanci a yi ta yanzu, domin dajin da mutanen kirki suka daina takawa ba ya zama fanko, wasu ne ke maye gurbinsu.

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna can kudancin jihar Sakkwato, inda damina ta fi tsawo kuma ruwan sama ya fi yawa a kan abin da ake samu a Illela ko Gada ko Sabon Birni, shi ya sa itatuwan da suka yi ƙaranci a arewacin jihar har yanzu ake ganinsu a nan. Faɗin Kebbe ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,600, na Tambuwal kuwa kimanin 1,700, kuma Gulbin Zamfara, bayan ya baro ƙasar Gummi, yana ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, yana barin fadama mai albarka a gefensa. Wanda ya bi hanyar ƙafa daga bakin fadama zuwa tudu da sanyin safiya bayan an gama girbi zai ga yadda itatuwa ke sauyawa gwargwadon ƙasar da suke kai: giginya da kanya da ɗinya a inda danshi ke daɗewa, sannan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a tsakiyar gonaki inda manoma suka bar su da gangan saboda amfaninsu, sai kuma marke da kirya da geza da sabara a kan tudu mai tsakuwa. A wannan lokaci ne gawo, wanda ya kaɗe ganyensa duk tsawon damina, yake yin sabon ganye alhali sauran itatuwa na shirin zubar da nasu, kuma a ƙarƙashinsa ake ganin sawun awaki sun zagaye gindin suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Fakara takan tashi ba zato daga cikin karan dawa, cilakowa na sauka daga reshe zuwa reshe, kurege na tsallake hanya da wutsiyarsa a miƙe. Duk wannan dukiya ce da ake biyan kuɗi a wasu ƙasashe don a je a gani, amma a nan tana ƙarewa sannu a hankali ba tare da an ƙidaya ta ba.

Tafiyar ƙasa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, haka ma haɗarin daji. Fatake da almajirai da maniyyata sun ratsa shi ƙarni bayan ƙarni, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Sakkwato a 1853, ya ba da labarin yadda ayarinsu ya keta dajin Gundumi da ke gabashin jihar ta yanzu cikin tafiyar fiye da yini da dare ba tare da ya da zango ba, saboda tsoron mahara da rashin ruwa. Abin lura shi ne hanyar da magabata suka bi wajen magance irin wannan matsala. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa kafa ribaɗi, wato garin tsaro da ake ginawa a bakin iyaka a zaunar da jama'a a cikinsa su yi noma da karatu da kasuwanci, kuma Tambuwal kanta ta bunƙasa ne a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu a kan irin wannan manufa. Fahimtarsu ita ce, mayaƙa na iya korar abokan gaba daga daji, amma zirga-zirgar talakawa ta yau da kullum ce ke hana su dawowa.

Keɓe wani yanki na ƙasa don amfanin jama'a ma yana da asali a shari'a tun kafin zuwan Turawa. Malaman fiƙihu suna kiransa hima, ma'ana filin da shugaba ya killace don maslahar al'umma, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace Naƙi'u kusa da Madina, Halifa Umar kuma ya killace Rabaza don dabbobin sadaka, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen ƙasar da ba ta da mai ita. Hurumin da ke kewaye da garuruwan Hausa, inda ba a noma ba a gini, da burtalin da ake bar wa shanu tsakanin gonaki, duk rassan wannan tunani ne. Da mulkin mallaka ya zo, sai aka kafa dokokin gandun daji, musamman na 1916 da 1937, aka shata gandaye a ƙarƙashin En'e, aka kuma naɗa malaman daji su kula da su. Tsarin ya ceci itatuwa masu yawa, wannan gaskiya ce da ba za a musa ba, amma ya bar wani tabo: talaka ya san malamin daji a matsayin mai ƙwace gatari da cin tara, don haka ya ɗauki gandu a matsayin kayan hukuma, ba nasa ba. Bayan da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi a 1976, sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, sai kulawar hukuma ta yi rauni, alhali jama'ar da ya kamata su tsaya wa dajin an riga an raba zukatansu da shi.

Sakamakon haka a fili yake. Dajin Rugu a Katsina, da Kuyambana a Zamfara, da Kamuku a Birnin Gwari wanda aka ɗaga darajarsa zuwa gandun tarayya a 1999, har ma da sassan gandun tafkin Kainji, duk sun zama mafakar 'yan bindiga, kuma ƙauyukan Kebbe da ke maƙwabtaka da Gummi sun ɗanɗana kuɗarsu daga irin waɗannan hare-hare. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandaye goma a kan bakwai da take da su, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da Baturiya a Jigawa, amma babu ko ɗaya a jihar Sakkwato. A watan Mayun 2025 kuma aka amince da ɗaukar dogarawan daji masu ɗauke da makamai don tsaron dazuzzukan ƙasar da suka haura dubu. Wannan mataki ne da ake buƙata, kuma babu mai hankalin da zai ce a shiga daji yawo kafin a kawar da masu bindiga daga cikinsa, amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce, idan an kore su, wa zai riƙa shiga wurin kowace safiya ta yadda ba za su sami sararin komowa ba?

Dajin Karura da ke cikin birnin Nairobi na ƙasar Kenya ya ba da amsa mai kyau ga wannan tambaya. Gandu ne mai faɗin hekta dubu da 'yan kai, hekta kuwa fili ne mai mita 100 a tsaye da 100 a kwance, kuma an shata shi tun 1932. A shekarun 1990 masu hannu da shuni suka fara yanka shi suna rabawa a ɓoye, har sai da Wangari Maathai, wadda daga baya ta sami lambar yabo ta Nobel a 2004, ta jagoranci zanga-zangar dasa itatuwa a bakinsa, inda aka fasa mata kai a watan Janairun 1999. An ceci filin, amma dajin ya ci gaba da zama wurin da 'yan fashi ke ɓuya, mutanen gari na gudunsa. Abin da ya sauya lamarin shi ne dokar gandun daji ta 2005 wadda ta ba al'umma damar shiga cikin gudanar da gandaye, sai mazauna kewayen suka kafa ƙungiya a 2009, aka kewaye dajin da shinge, aka ɗauki matasan unguwannin talakawa da ke kusa aikin gadi da gyaran hanya, aka fitar da hanyoyin ƙafa da na keke da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 50, aka sa ɗan kuɗin shiga. Yau ɗalibai da ma'aikata da tsofaffi ke cika wurin, kuma yawan idanun da ke cikinsa na daga cikin abin da ke tsaronsa.

Ba za a kwatanta Karura da dajin Kebbe kai tsaye ba, domin wancan ƙaramin gandu ne a tsakiyar babban birni mai cike da masu albashi, wannan kuwa daji ne mai faɗi da ya haɗe da na jihohi biyu, kuma masu barazanar cikinsa sun fi 'yan fashin Nairobi makamai nesa ba kusa ba. Abin ɗauka daga can shi ne a fara da ƙarami. Kurmin da ke bayan gari, ko tsohon hurumi, ko gandun itatuwan da aka dasa a gefen hanya, ko gaɓar gulbi da ba ta wuce nisan da ake jin kiran salla daga masallacin gari ba, irin waɗannan ne wuraren da hakimi da jami'an tsaro za su iya cewa sun aminta da su, kuma daga gare su ne za a riƙa faɗaɗawa gwargwadon yadda zaman lafiya ya samu.

Dalilin fifita ƙafa da keke a kan babur da mota ba ƙawa ba ne. Mota na buƙatar a sare itatuwa a buɗe mata hanya, kuma hanyar da motar baƙi ta bi ita ce gobe motar gawayi za ta bi. Babur yana da ƙara mai korar tsuntsaye da namun daji, tayarsa na tona ƙasa ta buɗe wa ruwa hanyar zaizaya, sannan ya riga ya zama abin hawan mahara, har ya sa a watan Satumba na 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka sanya takunkumi a kan zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka da jigilar itace daga daji. Mai tafiya da ƙafa ko keke kuwa ba ya buƙatar fiye da siririyar hanya, ana ganin fuskarsa, yana gaisawa da wanda ya tarar a gona, kuma idan ya ga sabon kututture ko hayaƙin ramin gawayi ko sawun da bai gane ba, zai kawo labari gari kafin azahar.

Keke dai ɗan gida ne a wannan ƙasa. Tun zamanin keken Rali, da shi malamin makaranta da ɗan kasuwar ƙauye da mai kai ƙosai ke cin kasuwannin mako, kuma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da yawa sun sauko da nasu daga inda suka rataye shi. Keken hawan tudu mai faffaɗar taya da giya da yawa, wanda matasan Kalifoniya ta Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1970 kuma ya shiga gasar Olamfik a 1996, yana da daɗin sarrafawa a kan tsakuwa, kuma ana samun na hannu a manyan kasuwanni, amma ba sharaɗi ba ne, domin keken da ke ɗaukar buhun gero a kariya daga gona zuwa gida ba zai gaza ɗaukar mai shi a hanyar kurmi ba. Babban abokin gabar mai keke a nan ƙaya ce: tsidau da ke shimfiɗe a ƙasa ba a ganinsa, da ƙayar aduwa da ta magarya da iska ke zubarwa a kan hanya. Shi ya sa mai faci na cikin mutanen farko da irin wannan shiri zai amfana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfarsa ya san yadda yake zare tib, ya ba shi iska, ya nutsa shi cikin kwanon ruwa yana juyawa har kumfa ta tona inda hujin yake, sannan ya kankare wurin, ya shafa gam, ya jira ya sha iska kafin ya manna faci, kuma kafin ya mayar sai ya zagaya cikin tayar da yatsa don ya ciro ƙayar da ta yi ɓarnar. Rumfa guda irin wannan a bakin gandu, da kekuna goma na haya, sun isa su zama sana'ar matasa biyu ko uku.

Fitar da hanya a cikin gandu yana da ƙa'idoji da ba su da wuyar fahimta. An fi so a bi tsofaffin hanyoyin da masu itace da makiyaya suka riga suka taka maimakon sare sababbi, kuma inda akwai gangare sai hanyar ta bi gefen tudu tana karkacewa, domin wadda ta sauko kai tsaye ruwan damina ɗaya ya isa ya mai da ita kwazazzabo. Ba a toshe burtali ko mashaya, ba a ratsa gonar kowa sai da yardarsa, kuma inda hanya ta yi ƙunci mai keke ne ke sassautawa ya ba mai ƙafa wuri. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, domin daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki na haura digiri 40, kuma tafiya cikinsa ba tare da isasshen ruwa ba ganganci ne. Takalmi mai rufe ƙafa wajibi ne saboda kububuwa da kasa, kuma ya kamata asibitin da ya fi kusa ya kasance yana da maganin dafin maciji kafin a gayyaci kowa.

Muhimmin abu a cikin duk wannan shi ne waɗanda za su yi jagora, kuma ba sai an nemo su daga nesa ba. Mafarauci ya san inda gada ke kwana da inda burtu ke kiwo, makiyayi ya san kowace mashaya da ciyawar da ke kashe dabba, mai zuma ya san itacen da ƙudan zuma suka fi so a ɗaura wa amya, matan da ke tsintar kaɗe da roron ɗorawa sun san wace bishiya ce ke haihuwa kowace shekara wace ce ke tsallakewa. Wannan ilimi ne da ba a rubuta ba, kuma yana tafiya tare da masu shi, har ta kai yaron da ya gama sakandare a Tambuwal na iya zana sassan fure a allo amma ya kasa bambance marke da kirya a bayan garinsu. Idan aka ware safiya ɗaya a wata ɗaliban firamare da na Islamiyya su fita tare da malaminsu da wani dattijon mafarauci, aka kuma keɓe wa mata ranakunsu da jagorori mata, sannan sashen nazarin gandun daji na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya turo ɗalibansa su rubuta sunayen itatuwan da amfaninsu daga bakin mutanen wurin, to an haɗa karatu da tsaro a tafiya ɗaya. Akwai kuma ribar lafiya, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar baligi da ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, abin da manomi ke samu ba tare da ya nema ba, amma ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar da ke wuni a zaune, waɗanda hawan jini da ciwon suga suka fi addaba, ba sa samu.

Wanda ke shakkar cewa talaka zai iya kare itace ba tare da bulala ba, sai ya dubi jihar Maraɗi a Nijar. Tun daga 1983 manoman can suka rungumi dabarar barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona, suna rage rassan su bar biyu ko uku masu ƙarfi su girma, kuma da hukuma ta sassauta ta bar manomi ya amfana da itacen da ya rena, sai aka wayi gari an farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin ƙasar. Abin da ya motsa su shi ne tabbacin cewa amfanin nasu ne. Haka lamarin zai kasance a Jabo ko Kebbe: matuƙar buhun gawayi ne kawai hanyar da kirya ke kawo wa matashi kuɗi, zai sare ta, amma idan tsayuwarta na kawo masa ladan jagora da hayar keke da cinikin zuma da man kaɗe, shi ne zai fara kai ƙarar mai gatari.

Jihar Sakkwato na cikin jihohi 11 da hukumar shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa a 2015, ke aiki a cikinsu, don haka akwai ƙofar da za a iya ƙwanƙwasawa don samun tsirrai da horo. Amma aikin farko ba ya jiran kuɗin Abuja. Ya rataya ne a kan ma'aikatar muhalli ta jiha da sassan gandun daji na ƙananan hukumomin biyu su fito da tsofaffin taswirorin gandayen da aka shata, sannan Sarkin Burmin Jabo da sauran hakimai da dagatai da arɗo-arɗo, tare da jami'an tsaro, su zagaya iyakokin waɗanda ke kusa da gari da ƙafa, a ga abin da ya rage da abin da gona ta cinye, a sake kafa alamomi. Daga nan sai a zaɓi wuri ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a rubuta yarjejeniya a fili wadda ta fayyace wa ke karɓar kuɗin shiga, kaso nawa ke komawa ga masu gadi da gyaran hanya, wane itace ne aka yarda a ɗebi busasshensa, da kuma ranakun da makiyaya za su ratsa, a karanta ta a masallatan Juma'a da kasuwannin yankin kafin kaka mai zuwa.